Manhajojin Kallon Talabijin ta Intanet da Ƙananan Kayan Aikin Kwamfuta: Wa Ke Ɗauke da Nauyinsu?

Duk wanda ya taɓa kai kwamfutarsa wurin mai gyara aka ɗora mata sabuwar Windows, ko ya tsaya a shagon masu tura fina-finai yana jira a cika masa memori, da wuya a ce bai taɓa ganin alamar nan ba: roba mai tsini, ruwan goro da ratsin fari, irin wadda ma'aikatan hanya ke jerawa a titi idan suna gyara. Alamar manhajar VLC ke nan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tun asali don kallon talabijin ta hanyar sadarwar kwamfutoci aka fara ta. A shekarar 1996 ne ɗaliban makarantar injiniyoyi ta École Centrale, kusa da birnin Paris a Faransa, suka fara wani aiki na rarraba hotunan talabijin da aka kamo daga tauraron ɗan'adam zuwa kwamfutocin harabar makarantar ta wayoyin sadarwarta. Sai ranar 1 ga Fabrairun 2001 hukumar makarantar ta amince aka saki aikin ga duniya da buɗaɗɗen tushe, a ƙarƙashin lasisin GPL. A Janairun 2025 kuma, VideoLAN, ƙungiyar sa-kai da aka kafa a 2009 domin ta kula da shi, ta sanar da cewa an sauke VLC fiye da sau biliyan 6.

VLC ta yi girma ta yi suna, amma a bayanta akwai ɗimbin ƙananan manhajoji irinta waɗanda mutum ɗaya ko biyu ke rubutawa da daddare bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su: mai kunna tashoshin talabijin ta intanet, mai matse fayil, mai ɗora Windows a kan filash, mai ɗaukar hoton fuskar kwamfuta. A fahimtata, rubuta irin wannan manhaja shi ne ɓangare mafi sauƙi na aikin, musamman a yau. Wahalar tana zuwa ne bayan an sake ta, lokacin da za a raya ta shekara da shekaru, a kare ta daga shari'a, a kuma riƙe amanar mutanen da suka ɗora ta a kwamfutocinsu ba tare da sun san fuskar wanda ya rubuta ta ba.

Da farko ya kamata a fayyace abin da ake nufi da buɗaɗɗen tushe. Kowace manhaja tana da rubutun asali da ɗan'adam ya yi a wani harshe na kwamfuta, sannan a juya shi zuwa abin da na'ura ke iya aiwatarwa. Kamfanoni da yawa suna ɓoye wannan rubutu, su ba ka abin da aka riga aka juya kawai, kamar mai abinci da zai sayar maka da miya amma ba zai faɗa maka abin da ya zuba a tukunya ba. Mai buɗaɗɗen tushe yana ajiye rubutun a fili, galibi a dandali irin GitHub, tare da lasisin da ya halasta wa kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba. Lasisin ba iri ɗaya ba ne. GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, ya shardanta cewa duk wanda ya gyara manhajar ya kuma rarraba ta, dole ya buɗe nasa gyaran a kan sharuɗɗa iri ɗaya. Lasisin MIT kuwa bai nemi komai ba sai a bar sunan mai asali da rubutun lasisin, don haka kamfani na iya ɗaukar aikin ya rufe shi a cikin hajarsa ya sayar. Zaɓin da matashi zai yi tsakanin waɗannan biyu a daren da ya fara aikinsa kan biyo shi har shekara ashirin, domin sauya lasisi daga baya yana buƙatar yardar duk wanda ya taɓa saka hannu a rubutun.

To, mene ne ainihin manhajar kallon talabijin ta intanet? Gaskiyar magana, ƙwarya ce babu fura a ciki. Ba ta da tasha ko ɗaya tata. Abin da take yi shi ne karanta jerin adireshin tashoshi da aka ba ta, ta nemo hoton daga inda adireshin ya nuna, ta nuna shi. Wannan jeri shi ne fayil ɗin da ake kira M3U, kuma duk wanda ya buɗe shi da manhajar rubutu irin Notepad++ zai yi mamakin rashin girmansa. Layin farko yana cewa #EXTM3U. Layi na biyu yana farawa da #EXTINF:-1, sai lambar shaidar tashar, adireshin tambarinta, rukunin da take ciki, labarai ko wasanni ko addini, sai waƙafi, sai sunanta. Layi na uku adireshin intanet ne tsirara. Haka za a yi ta maimaitawa, layi biyu ga kowace tasha, ko da tashoshin sun kai dubu goma. Wannan -1 ɗin yana da ɗan tarihi mai daɗin ji: an ƙirƙiri tsarin ne a shekarun 1990 domin jera waƙoƙin MP3, manhajar Winamp ta yaɗa shi, kuma gurbin na rubuta tsawon waƙa ne da daƙiƙa. Tunda tashar talabijin ba ta da ƙarshe, sai aka riƙa saka -1 a wurin, ma'ana ba a san iyakarta ba.

Babu wata hukuma da ta taɓa zama ta tsara yadda za a rubuta waɗancan ƙarin bayanai na tambari da rukuni. Al'ada ce kawai ta ginu, kowa yana kwaikwayon na gaba da shi, kuma nan ne ciwon kan mai rubuta manhaja yake farawa. Wani jerin ya manta alamar zance, wani ya saka waƙafi a cikin sunan tasha, wani ya bar layin banza a tsakani, kuma mai kallo ba zai taɓa ɗora laifin a kan jerin ba, sai dai ya ce manhajar ce ba ta aiki. Akwai kuma batun haruffa, wanda ya shafe mu kai tsaye. Fayil mai ƙarewa da m3u8 yana nufin an adana rubutunsa a tsarin UTF-8, wanda ke ɗaukar haruffan kusan duk harsunan duniya. Idan aka adana jeri a wani tsohon tsari, ko manhajar ta yi kuskuren gane tsarin, sunan tasha ko na shiri da ke da ɓ, ɗ ko ƙ zai fito da alamar tambaya ko wasu tarkacen alamomi, kamar yadda yake faruwa da rubutun Larabci da na Sinanci.

Adireshin da ke layi na uku, a mafi yawan lokuta, yana kaiwa ne ga tsarin watsawa da ake kira HLS, wanda kamfanin Apple ya fito da shi a 2009, aka kuma wallafa bayaninsa ga kowa a 2017 a takardar RFC 8216. Dabarar ita ce a yayyanka bidiyon gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa 'yan daƙiƙu, Apple na ba da shawarar shida, sannan a ajiye wani ƙaramin jeri da ke sabuntawa kullum yana faɗin gunduwoyin da suka fito yanzu. Manhajar tana sauke su ɗaya bayan ɗaya tana harhaɗawa. Sau da yawa tashar kan tanadi hoto iri uku ko huɗu, daga mai nauyi zuwa marar nauyi, manhajar ta riƙa auna ƙarfin sabis tana sauya sheƙa a tsakaninsu. Shi ya sa hoto kan dushe na ɗan lokaci sannan ya dawo garau. Shi ya sa kuma mai kallon ƙwallo ta intanet kan ji ihun gidan kallon da ke maƙwabtaka kafin ya ga ƙwallon ta shiga raga: ƙa'idar ta ce kada manhaja ta fara kunnawa daga kusa da ƙarshen jerin, ta ja baya da tsawon gunduwa uku, ka ga kusan daƙiƙa 18 ke nan tun kafin a lissafa jinkirin hanya. Ga mai sayen data da kuɗinsa, lissafin da ya fi muhimmanci shi ne wannan: hoto mai gudun megabit 2 a daƙiƙa yana cinye kimanin megabait 900 a awa guda. Manhajar da ta ba mai kallo damar kulle hoton a kan marar nauyi ta fi amfani gare shi nesa ba kusa ba, a kan wadda ke zaɓar mafi kyau da kanta.

Jadawalin shirye-shirye, wato abin da ke nuna me ake yi yanzu da me zai biyo baya, daga wani fayil daban yake zuwa, a tsarin XMLTV da aka fara a 1999. Ana haɗa shi da jerin tashoshi ta waccan lambar shaida, kuma idan harafi ɗaya ya saɓa tsakanin fayilolin biyu, ko aka yi kuskuren bambancin agogon ƙasashe, sai jadawalin ya fito fayau ko ya yi gaba da awa guda.

Sai babban al'amari, wato injin da ke warware bidiyon. Hoton da ke tafiya a intanet a matse yake da dabarun lissafi masu zurfi irin H.264 da HEVC da AV1, kuma babu mai hankalin da zai ce shi kaɗai zai rubuta abin da zai warware su duka. Kusan kowa yana jingina ne da FFmpeg, aikin da Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2000, wanda Michael Niedermayer ya jagoranta daga 2004 zuwa 2015. VLC na amfani da ɓangarorinsa, burauzar Chrome na amfani da shi, har motar binciken Perseverance da hukumar NASA ta saukar a duniyar Mars a 2021 ta tafi da shi. A kan FFmpeg aka gina injinan kunnawa da ake iya dasawa a cikin wata manhaja, manyansu su ne libVLC da libmpv. Misali mai kyau shi ne Hypnotix, wadda masu Linux Mint, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kwatankwacin Windows, suka fito da ita a samfurinsu na 20.1 a Janairun 2021: an rubuta ta da harshen Python, ta karanta jeri, ta jera tambura a allo, idan mutum ya danna tasha sai ta miƙa adireshin ga mpv ya yi sauran aikin. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ji Bahaushe, amma a nan ruwan na wasu ne, sun kuma bayar da shi kyauta tun kafin a tambaya. Dalili ke nan da ya sa ɗalibin da ya iya aikinsa zai iya fitar da manhajar kallo mai aiki cikin 'yan makonni.

A wajen fuskar manhajar ma akwai zaɓi mai tsada. Hanyar da ta fi sauƙi a yau ita ce Electron, wadda ke ba mutum damar rubuta manhajar tebur da dabarun gina shafin intanet, ya rubuta sau ɗaya ta yi aiki a Windows da macOS da Linux. IPTVnator, ɗaya daga cikin sanannun manhajojin kallo masu buɗaɗɗen tushe, a kan wannan hanya aka gina ta. Sai dai kowace manhajar Electron tana tafe ne da cikakkiyar burauzar Chromium a cikinta, don haka girmanta kan kai megabait ɗari ko fiye, ta kuma ci ƙwaƙwalwar aiki sosai. Kwatanta wannan da 7-Zip ta Igor Pavlov, wadda ta fito a 1999, ko Rufus ta Pete Batard da masu gyaran kwamfuta ke ɗora Windows a filash da ita, waɗanda kowace ba ta wuce megabait biyu ba. Ba na ganin laifin wanda ya zaɓi Electron, domin mutum ɗaya ba shi da lokacin rubuta manhaja sau uku. Amma lokacin da ya rage wa kansa, mai tsohuwar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabait 4 ne ke biyansa, kuma irin wannan mai amfani ba kasafai muryarsa ke isa wurin mai rubutun ba.

Tunda manhajar ƙwarya ce kawai, wa ke da alhakin abin da aka zuba a ciki? Wannan tambaya ce ta fi kowace jefa masu wannan aiki cikin matsala. Akwai jeri na halal, irin na aikin iptv-org da ke GitHub, wanda ke tattara adireshin tashoshin da ake watsawa a buɗe ga jama'a, ya kasa su ƙasa-ƙasa da harshe-harshe. Akwai kuma kasuwar bayan fage mai girman gaske, inda ake sayar da rajistar dubban tashoshin biya, da na ƙwallon Turai, a kan kuɗi kaɗan, ba tare da izinin masu su ba. Fayil ɗin halal da na sata kamarsu ɗaya sak, manhaja ba ta da hanyar bambance su. Labarin Kodi ya isa misali. Ta samo asali a 2002 a matsayin manhajar kunna bidiyo a na'urar wasa ta Xbox, ta zama XBMC, aka sauya mata suna zuwa Kodi a 2014. Saboda tana karɓar ƙarin dashe, wato ƙananan manhajojin da ake liƙa mata, waɗanda kowa zai iya rubutawa, 'yan kasuwa suka riƙa sayen ƙananan akwatunan Android masu araha, su ɗora Kodi, su cika ta da dashen satar fina-finai, su sayar da sunan Kodi. A 2015 Amazon ya cire ta daga shagon manhajojinsa bisa zargin tana sauƙaƙa satar fasaha, alhali masu ita ba su rubuta ko ɗaya daga cikin waɗancan dashe ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hukuncin da ya ɗan ja layi shi ne na Kotun Tarayyar Turai a ranar 26 ga Afrilun 2017, a shari'ar da ƙungiyar Brein ta Holan ta shigar kan wani mai sayar da akwatin da ake kira Filmspeler. Kotun ta ce sayar da na'urar da aka riga aka cika da hanyoyin shiga kayan sata, da sani kuma don riba, keta haƙƙin mallaka ne. Abin lura shi ne laifin ya faɗa ne kan wanda ya cika ƙwaryar ya tallata ta. Wannan ne ya sa za ka ga kusan kowace manhajar kallo mai zaman kanta ta rubuta ɓaro-ɓaro a shafinta cewa ba ta zuwa da tasha ko ɗaya, ko kuma sai tashoshin kyauta kaɗai. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Satumbar 2019 jami'an tsaron Italiya, da haɗin gwiwar wasu ƙasashen Turai, sun rufe Xtream Codes, tsarin da dillalan tashoshin sata da yawa ke tafiyar da kasuwancinsu a kai. Kamfanin ya tafi, amma salon shigarsa, adireshin sabar (kwamfutar da ke rarraba tashoshin) da suna da kalmar sirri, ya zauna daram ya zama abin da kowa ke bi, kuma manhajoji masu tsabta da dama, har da Hypnotix, suna karɓarsa. Mai rubuta manhaja ya san sarai su wane ne mafi yawan masu neman wannan ƙofa, ko da yake akwai masu halal da ke amfani da ita.

Wani lokaci ma ba a jira kotu. A Oktoban 2020 ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta aika wa GitHub takarda, aka sauke youtube-dl, ƙaramar manhajar sauke bidiyo da 'yan jarida da masu adana tarihi ke amfani da ita kamar yadda masu sauke waƙa ke yi. Sai da ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta shiga maganar aka dawo da ita a Nuwamba, GitHub kuma ya ware dala miliyan 1 don kare masu manhajoji daga irin wannan. A Indiya an toshe shafin VideoLAN tun Fabrairun 2022, ba a buɗe ba sai Nuwamban shekarar. VideoLAN tana da suna da masu tsaya mata. Yaron da ke aiki shi kaɗai, takarda guda daga lauya ta isa ta sa ya goge komai ya koma gefe. Akwai kuma katangar da babu yadda za a yi da ita: Netflix da ire-irensa suna kulle bidiyonsu da makullai irin Widevine na Google da FairPlay na Apple da PlayReady na Microsoft, waɗanda rufaffu ne, don haka manhajar kallo mai buɗaɗɗen tushe ba za ta iya kunna su da kanta ba.

A ce mutum ya tsallake duk wannan, saura isar da manhajar ga jama'a. Idan bai sayi takardar shaidar sa hannu ta lantarki ba, wadda kuɗinta kan kai ɗaruruwan daloli a shekara, Windows zai tare mai saukewa da gargaɗi mai ban tsoro cewa ba a san wanda ya yi ta ba, kuma manhajojin kashe bairos kan yi mata ƙazafi. Apple na karɓar dala 99 duk shekara kafin ya tantance manhajar mutum. Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira ko sefa, kuma ba ya karɓar sisin kwabo daga manhajar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Har VLC sai da aka cire ta daga shagon Apple na wayoyi a Janairun 2011 saboda saɓani tsakanin sharuɗɗan shagon da lasisin GPL, ba ta koma ba sai a 2013 bayan an sauya lasisin wannan samfurin.

Daga nan sai aikin yau da gobe, wanda babu mai ganinsa. A ɗauka mai manhajar ya dawo gida da daddare ya tarar da saƙo goma. Na farko ya ce kawai "ba ta aiki, a gyara", bai faɗi irin kwamfutarsa ba, bai turo jerin da ya yi amfani da shi ba. Na biyu yana ƙorafin wata tasha ta mutu, alhali gidan talabijin ɗin ne ya sauya adireshi ko ya hana kallo daga wajen ƙasarsa, abin da mai manhaja ba shi da iko a kai. Na uku yana neman a ƙara masa naɗar shiri, da fushi, kamar wanda ya biya kafin alƙalami. A cikin goman, wataƙila ɗaya ne ya kawo kuskure na gaske, shi ma sai an kwana biyu ana nema kafin a gano yana faruwa ne kawai a wani irin katin hoto da mai manhajar ba shi da shi. Ba a maganar sabon samfurin Windows ko na FFmpeg da zai fito ya karya abin da jiya yake aiki lafiya lau.

Wannan gajiya tana da alaƙa kai tsaye da tsaro. Manhajar kallo aikinta ke nan ta haɗiye fayilolin da baƙi suka rubuta, kuma a Mayun 2017 kamfanin Check Point ya nuna cewa da fayil ɗin fassarar da ke fitowa a ƙasan allo kaɗai ana iya ƙwace kwamfutar mai amfani da VLC ko Kodi, aka yi gaggawar toshe ɓarakar. A wancan watan na Mayu dai aka kutsa ɗaya daga cikin sabar da ake sauke HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, aka musanya samfurinta na Mac da mai ɗauke da muguwar manhaja. Amma abin da ya fi tayar da hankali shi ne na xz, ƙaramin kayan matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfutar Linux. Lasse Collin ya yi shekaru yana riƙe da shi kusan shi kaɗai, ya kuma faɗa a fili cewa aikin sha'awa ne da ba a biyansa. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shigo yana taimako da gyare-gyare masu kyau, yayin da wasu sunaye ke matsa wa Collin lamba cewa aikin na tafiyar hawainiya, a ƙara wani mai riƙo. Bayan fiye da shekara biyu na neman yarda, Jia Tan ya samu ikon fitar da sabon samfuri, ya dasa ɓarauniyar hanya a samfuri na 5.6.0 da 5.6.1. A ranar 29 ga Maris ɗin 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya tona asirin, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne jinkirin kusan rabin daƙiƙa da ya lura da shi wajen shiga wata na'ura. Masu cewa buɗaɗɗen tushe ya fi tsaro domin kowa na iya dubawa suna da gaskiya rabi: buɗewar ce ta ba Freund damar bin sawu, amma kafin shi, damar dubawar tana nan ga kowa, ba a duba ba.

Batun kuɗi gajere ne domin kuɗin kaɗan ne. Akwai gudummawa ta GitHub Sponsors da Patreon da makamantansu, wadda ga yawancin ƙananan ayyuka ba ta wuce kuɗin sabar. A 2019 Hukumar Tarayyar Turai ta saka ladan gano ɓaraka a manhajoji da suka haɗa da VLC da 7-Zip da Notepad++ da PuTTY da KeePass, saboda ma'aikatanta ma da su suke aiki. A 2024 wani asusun gwamnatin Jamus, Sovereign Tech Fund, ya ba FFmpeg yuro 157,580, kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka dubi kamfanonin da ke cin moriyar aikin. Kuɗin da ke zuwa da sauƙi kuwa na tarko ne: dillalan talla da ke son a cusa hajarsu a cikin manhajar. Jean-Baptiste Kempf, shugaban VideoLAN, ya sha bayyana cewa ya ƙi tayin miliyoyin yuro na saka talla a VLC. Ba kowa ke da wannan juriya ba, kuma wani lokaci ba a ma tambayi mai aikin: a 2015 dandalin SourceForge ya riƙa rarraba manhajar zane ta GIMP haɗe da tarkacen talla bayan masu ita sun riga sun bar dandalin.

Idan mai riƙo ya gaji ko aka samu saɓani, lasisin ya ba kowa damar kwafar rubutun ya ci gaba da shi da sabon suna, abin da za a iya kira tsaga reshe. MPlayer, wadda Árpád Gereöffy ɗan ƙasar Hungary ya fara a 2000, ta haifi mplayer2, ita kuma ta haifi mpv a 2012, injin da Hypnotix ke kunna tashoshi da shi a yau. Da youtube-dl ta yi sanyi, yt-dlp ta karɓi ragama. Ba kowane reshe ke kamawa ba. Libav ta ɓalle daga FFmpeg a 2011 cikin rigima mai zafi, ta raba kan masu aikin na tsawon shekaru, daga baya ta tsaya cak. Reshen kuma kan bar mai amfani cikin ruɗu, domin sunan da ya sani yana wuri guda, aikin da ke raye yana wani wuri, ga kuma shafukan bogi da ke tallata kansu da sunan asali. Media Player Classic Home Cinema, wadda masu Windows da yawa suka saba da ita, ta sanar a Yulin 2017 cewa samfuri na 1.7.13 ne mai yiwuwa na ƙarshe, saboda babu sauran masu rubutu da suka rage a aikin. Wani daga cikin tsofaffin masu ba da gudummawa ya ɗauki rubutun ya ci gaba da fitar da sababbin samfura a GitHub, amma wanda ya bi tsohon suna ya je tsohon gida, samfurin 2017 ɗin nan zai sauke.